In zahar ya ƙi, ina labari zai dosa? Muhawarar masu jan wasan tebur na Jidda da Makka

Auta: Assalamu alaikum yayyena. Tambaya ce ga masu jan wasa, wato wasan labari na tebur, inda jagora ke ba da labari, kowane mai wasa kuma ke riƙe da jarumi ɗaya a cikinsa. A ce jarumai suna cikin ɗakin da aka yi ɓarna, kuma takardar da za ta kai su ga mai laifi tana ƙarƙashin akwati. Jagora ya ce a jefa zahar (ɗan ƙwallon wasa mai lambobi a fuskokinsa) na bincike, shinge, wato lambar da ake so a kai, 15 ne, mai wasa ya samu 9. Shi ke nan fa? Takarda tana nan kwance, ba su gan ta ba, labari ya tsaya cak, mutum biyar sun zuba wa jagora ido. A ba su ita duk da sun faɗi, ko a bar su su fita hannu rabbana? In an ba su, mene ne amfanin jifan? In an hana su, zaman daren ya mutu.

Malam Mai Lissafi: Wa alaikumus salam Auta. Kuskuren ba a lokacin jifan aka yi shi ba, tun ranar da aka rubuta labarin ne. Zo mu yi lissafi.

A wasan Dungeons & Dragons (D&D) bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, shinge 10 shi ne mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya. Jarumin da ke da ƙarin +3 sai ya samu 12 ko sama a zahar mai fuska 20 kafin ya tsallake 15. Daga 12 zuwa 20 fuska tara ke nan, wato kashi 45 cikin 100. Ka ga abin da littafi ya kira matsakaici, faɗuwa a cikinsa ta fi ci yawa.

To a ce labarin naka kamar sarƙa yake: sai an ga takarda a san a nufi tashar jiragen ruwa, sai an sa mai gadi ya buɗe baki a san wane sito ne, sai an gane hatimi a san mai siton. Jifa uku a jere, kowanne kashi 45. Ka ninka su, abin da zai rage kusan kashi 9 ne. Cikin zama goma sha ɗaya, ɗaya ne zai kai ƙarshen labari. Ko gwani mai +7 ka sa a gaba, wanda yake da kashi 65 a kowane jifa, ukun tare kashi 27 ne kawai. Laifin ba na zahar ba ne, shi aikinsa ya yi.

Yaya Babba: Malam ya gama da lissafi, bari in ɗora da gyara. Kafin zama, ɗauki biro ka raba alamun labarinka gida biyu. Akwai uwar alama, wadda in babu ita ba a san inda za a je gaba ba. Akwai 'ya'yanta, waɗanda ke ƙara haske, ko su rage wahala, ko su nuna wa mutane haɗarin da ke gabansu. Uwar alama ba a ɗora ta a kan zahar, khalas. Duk wanda ya je wurin, ya ce ga abin da yake yi, kuma abin ya dace, ka miƙa masa. Ya ce zai ɗaga akwati? Ga takarda.

Wannan ba ƙirƙirata ba ce. A kansa Robin Laws ya gina tsarin dokokin wasa na GUMSHOE gaba ɗaya, wanda Kenneth Hite ya yi amfani da shi a Trail of Cthulhu a 2008. A can in jarumi yana da gwanintar da ta dace kuma yana wurin da ya dace, babbar alama tasa ce ba jifa. In yana son ƙari sai ya kashe maki ɗaya ko biyu daga abin da ke takardar jaruminsa. Dalilinsu shi ne daɗin labarin bincike ba a tsintar alama yake ba, a fassara ta yake.

Ɗan Sawakin: Yaya, da girmanka, amma ban yarda ba. In ba za a iya faɗuwa ba, to ba wasa ake ba, tatsuniya jagora yake karantawa, mu kuma muna cewa “ta zo mu ji ta”. Masu wasa ba yara ba ne. Zama biyu ya ishe su su gane cewa ko sun yi ƙoƙari ko ba su yi ba, takarda za ta zo hannunsu. Daga nan mutumin da ya zuba makinsa a gwanintar bincike zai ga ya yi asara, gara ya zuba a takobi.

Yaya Babba: Ban ce a hana faɗuwa ba, ƙanena. Na ce kada faɗuwar ta zama “ba ku ga komai ba”. Suna iya riƙe da duk alamun su zargi wanda bai ji ba bai gani ba. Suna iya isa sito bayan an kwashe kaya. Faɗuwa ce wannan, kuma tana da zafi, don da hannunsu suka yi ta.

Uwar Ɗaki: Ku biyun kuna jan igiya ɗaya ne ta baki daban. Zahar bai fita daga ɗakin ba, tambayar da ake masa ce ta canja. Maimakon “an gani ko ba a gani ba”, a tambaye shi “nawa aka biya kafin a gani”. Kuma farashin ba ɗaya ba ne, sai jagora ya zaɓi wanda ya dace da wurin.

Lokaci shi ne mafi sauƙi. An samu takardar, amma sai da aka kwance ɗakin kaf, an shiga bayan la'asar an fito ana kiran isha'i. Wannan ba ya ciwo sai in akwai abin da ke tafiya a waje, misali jirgin da zai tashi da asuba. In babu, farashin banza ne, kada ma a ambace shi.

Sai hayaniya: murfin akwati ya suɓuce ya bugi ƙasa, maƙwabciya ta leƙo ta bayan roshan, tagar katako ta tsofaffin gidajen Jidda, ta ga fuskokinsu, su ba su ga tata ba. Sai ɓarna: an fizgo takardar ta yage, sunan siton ya fito, amma adadin kuɗin da ranar sun tafi. Nan uwar alama ta tsira, ɗiyarta ce ta mutu. Sai bashi: yaron gida ne ya nuna musu wurin, yanzu yana da abin da zai riƙe su da shi.

Abin da ke lalata wannan dabara guda ɗaya ne, wato a ƙirƙiro farashin bayan an ga lamba. Masu wasa za su ɗauka jagora ne ke huce haushi. A faɗa kafin zahar ya bar hannu: “Za ka samu abin da ke ɗakin nan. In ka tsallake 15, cikin natsuwa. In ba ka tsallake ba, wani zai ji motsinku. Ka yarda?” Sau da yawa a nan mai wasa zai ce a dakata, bari ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa tukuna. To ka ga wasa ya fara ke nan tun ba a jefa komai ba.

Ɗan Sawakin: Wannan na Hajiya ya fi shiga kunne. Amma ina da sharaɗi: farashin ya zama na gaske. In an ce maƙwabciya ta gan su, to gobe askari ya tare su a Bab Makka, ƙofar tsohuwar Jidda. In ba haka ba an dawo gidan jiya.

Uwar Ɗaki: Ai shi ya sa ake rubutawa. Duk farashin da aka furta, ya hau kati a gaban jagora, kada a tashi zama na gaba ba a karɓe shi ba.

Baƙon Madina: Salamu alaikum. Ina ganin wasan Call of Cthulhu ya riga ya warware rabin gardamar nan a cikin dokokinsa. Kamfanin Chaosium ne suka fitar da shi tun 1981, amma bugu na bakwai nake nufi. Can zahar na ɗari ake jefawa, ana neman lamba daidai da gwanintarka ko ƙasa da ita. Rabin gwanintar shi ne mataki mai wuya, kashi ɗaya cikin biyar shi ne mafi tsanani. Gwanintar hango ɓoyayyen abu tana farawa ne daga 25, ta binciken littattafai daga 20, don haka sabon jarumi faɗuwa ce abincinsa.

In ka faɗi, kana da damar matsawa sau ɗaya tak. Sharuɗɗanta: sai ka faɗi abin da za ka yi daban, ba “zan sake dubawa” ba, a'a, “zan farke katifar da wuƙa, in ɗaga allunan ƙasa”. Jagora kuma ya nuna maka irin masifar da ke jiranka in ka sake faɗuwa. Mai gwaninta 50 da ya matsa ya kai damarsa 75 cikin 100, amma ragowar 25 ɗin ba “ba ka gani ba” ne, bala'i ne. Akwai kuma dokar zaɓi ta kashe makin sa'a, maki ɗaya a rage lamba ɗaya, sai dai ba a kashe shi a kan jifan da aka matsa. Dole ka zaɓa: ko ka biya da sa'arka yanzu, ko ka yi kasada.

Abin da mutane ke mantawa shi ne jifan tunani na bugun nan. In bincike ya cije, a jefa, kuma ko an ci ko an faɗi bakin zaren zai fito. Bambancin kawai, wanda ya faɗi zai tsinci kansa a tsakiyar haɗari lokacin da ya gano shi.

Auta: Tayyib. Amma akwai wata: mutum na farko ya faɗi, sai na biyu ya ce “ni ma zan duba”, sai na uku, har a zagaye tebur. A hana?

Malam Mai Lissafi: In ka bari, ka san abin da ka bayar. Mutum biyar, kowa da kashi 45, damar a ce duk sun faɗi kusan kashi 5 ce. Wato ka ba su 95 cikin 100, ka kuma ɓata minti biyar kana karɓar lambobi. Da ka miƙa musu tun farko ya fi. Hanya mai tsafta: mutum ɗaya ya jefa, wanda ya fi gwaninta, ɗaya ya taimaka masa ya samu fifiko, wato zahar biyu a ɗauki babba. Wannan ya ɗaga 45 zuwa kusan 70. Sakamakon kuma ya tsaya a kan kowa har sai wani abu ya canja a ɗakin: an kawo fitila, an samo mabuɗi, an zo da wanda ya san gidan.

In kuma babu abin da ke korarsu, kada a jefa sam. D&D bugu na uku na shekarar 2000 yana da dokar ɗaukar 20: ka ɓata ninki ashirin na lokacin, a ɗauka ka samu 20. Littafin jagora na bugu na biyar ya ce ninki goma na lokaci ya isa a ci abin da mai yiwuwa ne. Mutum biyar da ke da yini guda a ɗaki ɗaya za su ga abin da ke ƙarƙashin akwati, ko makafi ne sa lalubo shi.

Ɗan Sawakin: Lamba ta zaune fa? 10 da ƙarin jarumi, ba jifa.

Malam Mai Lissafi: Tana da amfani a kan 'ya'yan alama. Mai +3 yana da 13, da fifiko 18. Amma kada jagora ya ruɗi kansa. Shi ya san lambar kowa, shi kuma ya sa shingen. In ya sa 13 ya ba da, in ya sa 14 ya hana. Hukunci ne ya yanke tun a gida, ya sa masa rigar doka.

Mai Shahi: Afuwan, ɗan ratse. Akwai 'yan uwa da ba sa taɓa zahar saboda hadisin nardashir, wani wasan zahar, da ke Sahih Muslim, kuma a istiraha ɗaya, wato wurin hutu da ake taruwa, za ka samu mai yi da mai ƙi.

Yaya Babba: Hukuncin wannan na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi, ba za mu yi fatawa a nan ba. Ta fuskar aiki dai, wasu teburan suna rubuta 1 zuwa 20 a 'yan takardu su zuba a hula. Wanda zai yi haka ya riƙa mayar da takardar bayan kowane ɗauka, ya girgiza. In ba a mayar ba lissafin Malam ya rushe, kuma mai wayo zai fara ƙirga manyan lambobin da suka rage.

Baƙon Madina: Mu koma kan batu. Akwai matsalar da ba a taɓo ba: mai wasa ya ga 4 a gabansa, jagora ya ce “ba komai a ɗakin”, kowa ya san ƙarya ce. Wasan Pathfinder bugu na biyu, na 2019, ya magance wannan da jifan ɓoye, jagora ne ke jefawa a bayan kariya. Can sakamako hawa huɗu ne, kuma in ka gaza shingen da 10 ko fiye wajen tuno wani ilimi, jagora zai ba ka bayanin da ba daidai ba, kai kuma ba ka sani ba.

Yaya Babba: Jifan ɓoye na yarda da shi a kan abu irin “ana bin mu a baya?” ko “mutumin nan ƙarya yake?”. Bayanin ƙarya a labarin bincike kuwa, a'a, ina roƙonku. Jagora shi ne idon masu wasa, shi ne kunnensu. Ba su da wata taga da za su leƙa duniyar sai bakinsa. Ranar da suka gane bakin nan yana iya ba su ƙarya saboda lambar da ba su gani ba, duk alamar da suka tara a baya ta zama abin shakka, sai su koma tantance tsofaffi maimakon neman sababbi.

Kuma ba a buƙatar jagora ya ƙirƙiro abin ɓad da sawu, su da kansu za su ƙera. Ka ce an tsinci riyal faransi a ɗakin, azurfar nan ta Maria Theresa da aka daɗe ana ciniki da ita a gaɓar Bahar Maliya, ka ambaci cewa an buga 1780 a jikinta. Rabin sa'a za su yi suna neman abin da ya faru a 1780, alhali duk waɗanda aka ci gaba da bugawa daga baya shekarar nan ce a jikinsu. A nan ne gwaninta ke da aiki: jarumin da ya san kasuwa, ka gaya masa kai tsaye cewa shekarar ba ta nufin komai, a wuce.

Baƙon Madina: Mutanen cikin labari fa? Ai dole mai laifi ya yi ƙarya.

Yaya Babba: Shi ya yi, wannan halinsa ne, kuma ana iya kama shi da wata alamar. Wanda ba zai yi ba shi ne jagora da muryarsa ta jagora.

Uwar Ɗaki: Bari in shimfiɗa misali ɗaya cikakke, don Auta ya ga yadda ake ginin tun daga tushe. Dokar alamu uku ce, wadda Justin Alexander ya rubuta a 2008: duk matsayar da kake so masu wasa su kai gare ta, ka ajiye mata alamu aƙalla uku. Ta farko za su wuce ta, ta biyu za su yi mata gurguwar fassara, ta uku ce za ta kama.

A ce labarin a tsohuwar Jidda ne, kafin a rushe ganuwa a 1947. Alhazai sun ƙetaro daga Sawakin, tashar jiragen ruwa ta Sudan, sun ba wani wakili amanar guzurinsu, ya rubuta a littafi. Wakili ya ɓace, littafi ya ɓace. Matsayar da ake so: magatakardansa ne ya kai littafin wani sito a bakin tasha.

Alama ta farko tana ɗakin wakili: rasit ɗin ɗan dako a ƙasan akwati, da hatimin siton. Ta biyu tana bakin mutum: mai ga-ruwa da ke kai ruwa gidan ya ga magatakarda bayan sallar asuba yana ɗora ƙunshi a kan jaki, ya nufi yamma, wajen teku. Ta uku tana jikin mai laifin: takalminsa da laka mai gishiri, da ɓawon gahawa maƙale a gefen rigarsa, shi kuwa ya rantse bai bar unguwa ba kwana uku.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, wurare uku ne daban, kuma gwaninta uku ce daban: bincike, iya magana, lura. In ka zuba ukun a ɗaki ɗaya a bayan jifa ɗaya, alama ɗaya ce ka yanka uku. Na biyu, ko wacce ita kaɗai ta isa ta nuna tasha. Ba gutsattsari ba ne da sai an haɗa su.

Malam Mai Lissafi: Ƙarin bayani a kan na Hajiya: ko da alamu uku, in kowacce tana bayan jifan kashi 45, damar a rasa duka kusan 17 cikin 100 ce, wato sau ɗaya cikin shida. Labari mai matsaya huɗu irin wannan, kusan rabin lokaci sai ya cije a wani wuri. Don haka cikin ukun, ɗaya ta zama kyauta. Ni da mai ga-ruwa zan bari: duk wanda ya yi masa sallama ya tambaye shi, zai faɗa.

Ɗan Sawakin: To ga inda zan tsaya, kuma ba zan matsa ba. Rasit ɗin nan na ƙasan akwati, tun da akwai wasu hanyoyi biyu, a bar shi ya ɓace in an faɗi. Ba farashi, ba rabi, ba komai. Su fita ba su gani ba. In daga baya suka kama magatakarda ya ce “da kun ɗaga allon akwatin da tuni kun gama”, za su ji cewa duniyar tana da abubuwan da ba ta miƙo musu ba. Wannan jin shi ke sa a yarda da sauran.

Uwar Ɗaki: A kan wannan ban ƙi ba, in dai jagora ya tabbata sauran biyun suna nan a buɗe. Matsalar Auta ita ce takardarsa ita kaɗai ce.

Yaya Babba: Ni har yanzu ina ganin an yi asarar rasit mai kyau, an zauna an zana masa hatimi ba wanda ya gani. Amma tebur naka ne.

Mai Shahi: A haɗa da agogo, shi ke ba lokaci haƙora. Dabarar wasan Blades in the Dark ce ta John Harper, 2017: a zana da'ira a raba ta gida 4, 6 ko 8. A misalin Hajiya, a rubuta “jirgi ya tashi da littafi” a kan mai gida 6, a ajiye a tsakiyar tebur kusa da faranti, kowa yana gani. Faɗuwa ta cike gida ɗaya, mummunar faɗuwa biyu, zuwa wurin da ba shi da alaƙa ɗaya. Kada a yi mai gida 4 a labarin da ke da jifa shida ko bakwai, zai cika tun ba a je ko'ina ba. In ya cika kuma kada a ja da baya: jirgi ya tashi, zama na gaba a Sawakin za a yi shi.

Baƙon Madina: Masu wasan Apocalypse World, na 2010, sun sa tsakiyar a cikin zahar ɗin kansa. Guda biyu masu fuska shida: 10 ko sama ci ne cikakke, 7 zuwa 9 ci da farashi, 6 ko ƙasa jagora ya motsa. Wajen karanta yanayi, mai 10 yana yin tambaya uku, mai 7 zuwa 9 tambaya ɗaya. Da ƙarin +1, tsakiyar ce ta fi fitowa, 16 cikin 36. Ana iya aro wannan a D&D: wanda ya gaza da 1 ko 2 ya samu da farashi, kuma littafin jagora ma ya kawo hakan a matsayin zaɓi. Akwai har wasan Brindlewood Bay, inda jagora kansa bai san mai laifi ba, masu wasa ne ke haɗa alamu su gina zargi, a jefa a ga ko ya tabbata.

Ɗan Sawakin: Wannan na ƙarshen a bar wa masu shi. Binciken da ba shi da amsa tun farko, me ake bincika?

Auta: Jazakumullahu khairan. Saura ɗaya. In an ba su alamun duka, suna hannunsu, amma sun zauna suna ta gardama ba su gane ba?

Yaya Babba: Wannan ta fi faɗuwar zahar yawa. Da farko, kowace alama a rubuta ta a kati a ajiye a gabansu, don abin da aka faɗa da baki ƙarfe tara, ƙarfe goma sha ɗaya an manta shi, balle in an tsallake mako. Zaman da aka fara bayan isha'i, mutane sun taso daga dawam, wato aiki, sa'a uku ce a hannunka, wurare huɗu ko biyar ke nan, ba fiye ba. In gardama ta kai minti goma sha biyar ba sabon abu, ka karanta musu katunan da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, ba sharhi. In ta kai ashirin, mai laifi ya motsa. Shi ma yana jin tsoro ai: ya aiko a ba mai ga-ruwa kuɗi ya bar gari, ko a biyo su da dare a lungu. Wanda aka aiko kuma ya zo da laka mai gishiri a ƙafarsa.

Uwar Ɗaki: Game da 9 ɗinka na farko kuwa, tun da an riga an jefa kuma ba a faɗi farashi ba, kada ka ɗora musu mai nauyi. Ka ce sun duba ko'ina ba su ga komai ba, har sun juya za su fita, gefen rigar ɗaya ya kama ƙusar akwatin, ya ja shi, allon ƙasa ya goce da ƙara. Ga takarda, ga kuma takun mutum a matakala. Sai ka tambaye su wa ya ɗauka, wa ya tare ƙofa.

Ɗan Sawakin: In dai mai takun nan ba yaron gida ne ya kawo shahi ba.

Uwar Ɗaki: Magatakardan ne, ya dawo neman rasit ɗinsa.